Rabon Ƙasa a Gidan Takama

Ranar da za a haɗa sabuwar giya, da hantsi, Yaya Saratu ta shiga ɗakin tulu da ludayi a hannu, ta fito da shi a bushe. Ba ta yi kuwwa ba. Ta jingina da ƙyaure ta ce, "Uwa ba ta nan."

Ina tsugune bakin randa ina wanke wa ƴata fuska. Matan da ke tace dusa suka saki buhu. Kafin in miƙe, gidan duka ya taru a ƙofar ɗakin, wannan ya leƙa, wancan ya shiga ya fito, kamar yawan leƙe zai maido da tulun.

Wanda bai san gidan Takama ba zai ce ai tulu ne, a sayo wani a kasuwa. Uwa ita ce tsohuwar giyar da ake zuba wa sabuwar dahuwa don ta tashi ta yi kumfa. Ba a ƙarar da ita. In an ɗebi ludayi, sai a mayar mata da ludayin ruwan zaƙi, ta ci, ta rayu. Mahaifiyar surukata ce ta zo da ita a ka daga ƙauyensu na Azna, masu bin addinin gargajiya, shekarar da yunwa ta watsa su, ta kafa murhu a bayan garin Malbaza da tukunya biyu. Surukata, Iya Takama, ta gada. A zamaninta aikin siminti ya tara baƙi, ma'aikata da direbobi daga ƙasashen kudu, tukwane suka yi layi har bakin katanga. Ita ta ƙago mai zuma, da mai citta wadda ake yi lokacin sanyi. Da ƙafa ta gaza mata, babban ɗanta Yaya Mahaman ya karɓi ciniki. Ya kawo kwalabe, ya kawo firigo na sanyaya su, ya sa aka zana tulu a takarda ana mannawa, ana kai wa mashaya har Ƙonni. Ƙanwarsa Saratu ke dahuwa. Amma kowa ya san ɗanɗanon Uwa ake saye. In babu ita, burkutun gidan Takama da na kowa duk ɗaya ne.

Ni ƴar Alela ce, babana ladan ne. Na auri autan gidan, Rabilu, direban kamiyo, babbar motar ɗaukar siminti, ba ya sha, ba ya dafawa, yana sallarsa. Ya yi wa babana alkawarin za mu kama namu gida. Har aka haifi ƴarmu Mubaraka, har ta fara gudu, muna nan ɗakin kusurwa. Ban taɓa kama tukunyarsu ba, ban kuma taɓa zaginta ba, da ita ake ciyar da gidan. Abu ɗaya na faɗa a fili: ƴata ba za ta koyi wannan sana'a ba. Na faɗe shi ranar da Iya ta ce in kawo yarinyar ta yaye ta a ɗakinta, yadda aka saba. Na ce na gode, zan yaye abata.

Saboda haka ba a wahala wajen neman ɓarawo ba.

"An gan ki bakin ɗakin nan jiya da marece," in ji Mahaman.

"Yarinya ta ruga can, Yaya, na bi ta na ɗauko."

"Ke kinka ce gidanmu na wari."

"Ban ce ba."

"Hancinki ya ce."

Iya na zaune kan tabarma ƙarƙashin dogon yaro, sandarta a gefe. Sai da kowa ya gaji da magana ta buɗe baki, a hankali, ba faɗa.

"A bar ta ta tahi gida Alela ta huta, har Rabilu shi komo a zauna. Ɗiya dai ta isa yaye. Ta tsaya wurina."

Na kira maigidana. Yana kan hanyar Agadas da kaya, murya na zuwa tana yankewa. "Ki yi haƙuri, Wasila, ki bi abin da Iya ta ce, in na zo..." Layin ya mutu. Na san irin wannan hutun. Na san mata a Alela da aka tura hutu, ƴaƴansu suka girma suna kiran wata Inna.

Na roƙi a ba ni zuwa ranar kasuwa. Mahaman ya yarda, don ba ya son jandarma cikin gidan, kuma ya ɗauka ba abin da zan iya yi. Na goya ƴata, na ɗaure da majanyi biyu, na fita tasha.

*

A Dogarawa na sami Baba Chindo, mai bin sawu, a inuwar rumfa kusa da inda ake ɗaure shanu. In an kore wa mutum garke, shi ake nema. Tsoho ne siriri, idanunsa jajaye saboda kallon ƙasa a rana, yana shafa man zafi a gwiwa. Na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni.

"Tulu?" ya ce. "Ɗiyata, na bi sa har cikin Najeriya, na bi raƙumi har ƙasar Buzaye. Tulu ba shi da ƙahwa."

"Wanda ya ɗauka yana da ita, Baba."

"Kuma gidan giya. So kike a ce Chindo ya tsufa ya lalace."

"In ba a gane shi ba, wannan za su karɓe."

Na juya masa baya ya ga yarinyar. Ta yi barci, baki a buɗe, yatsa ɗaya a cikin ɗankwalina. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya rufe kwalbar man, ya laluba sandarsa.

"Mota za mu shiga. Gwiwa ta ƙi babur."

*

Da muka iso ya tsaya tsakar gida ya dubi ƙofar ɗakin tulun ya girgiza kai.

"Kun tattake maganar duka. Ko garken awaki ba su yi hakanga."

Ya sa kowa ya ja baya. Ya bi gefen bango, inda ruwan wanki ke jiƙa ƙasa, ya nuna da sanda.

"Wagga mace ta zo da sauri. Ta duƙa nan. Ta ɗauki abu, ta juya da nauyi."

"Kun ji ko!" in ji Mahaman.

"Abin da ta ɗauka na da ƙahwa biyu. Ga su nan ƙanana, sun zo, ba su koma ba."

Wata cikin masu tace dusa ta yi dariya ta toshe baki. Mahaman ya ce wannan na marece ne, ba ya hana a ce ta dawo daga baya. Chindo ya ce gaskiya ne, bai hana ba. Zuciyata da ta fara sauka ta koma inda take.

Cikin ɗakin ba komai sai yashi mai laima da ake ajiye tulun a kai don sanyi. Ga zoben gindinsa nan sarai. Chindo ya ce ba a ja shi ba, ɗaga shi aka yi tsaye. Ya tambayi girmansa, Saratu ta nuna da hannu, bai fi na kai wa manoma ruwa gona ba. Ya tambayi marufi da ƙyallen da ake ɗaure bakin, aka ce duk an tafi da su.

Da zai fito sai ya tsuguna a bakin ƙofa, gwiwa na ƙara. Hagu da dokin ƙofar akwai wani baƙin dutse da ya nutse a ƙasa, wanda ban taɓa kula da shi ba. Kiyashi sun yi layi zuwa gindinsa. Ya ɗebi ƙasar wurin da yatsa biyu ya kai hanci.

"Yaushe anka buɗe tulun na ƙarshe?"

"Tun wancan haɗi," in ji Saratu. "Mako ya wuce."

"Wa ka ɗiba?"

"Ni. Tun da ƙahwar Iya ta gaza."

Chindo ya miƙe. Ya kakkaɓe yatsunsa, ya je ya gai da Iya.

"Chindo," ta ce, "ka tsufa."

"Ke kin ƙiya."

"Rabonka da gidan nan tun kana da haƙora."

"Tun ina jahili. Tsohuwarki na da rai, nan bencin yake." Ya nuna gindin itacen. "Allah shi gafarta muna."

"Kowa da mai gafarta mai," in ji Iya. Ta miƙa wa ƴata hannu, yarinyar ta leƙo daga bayana tana dariya. Ban kwance ta ba.

*

Bayan katanga, inda ake zubar da dusa, Chindo ya sami sawun takalmin fata da layin ƙafar baro ɗaya. Ya bi, ina biye, Mahaman na biye da ni yana huci. Sawun bai yi nisa ba. Ya shiga zauren Malam Tanimun.

Malam Tanimun maƙwabcinmu ne. Ya sha kai ƙarar gidan wurin mai unguwa saboda hayaniyar mashaya da tsamin da iska ke kai masa lokacin karatu. Mahaman na ganin inda sawun ya nufa ya fara naɗe hannun riga.

"Dama na sani! Shi ya ce sai ya ga bayanmu!"

Malam ya fito da carbi a hannu. Chindo ya yi masa sallama, ya tambaye shi lafiyar iyali, sannan ya ce, "Malam, baronka ya je bayan gidan Takama jiya."

"Ni? Mi zai kai ni gidan nan?"

"Ban ce kai ba. Baro na ce. Takalminka dai ya raka shi."

Malam ya dubi titi hagu da dama, ya ce mu shigo. A bayan zauren raguna uku ne ɗaure, farare, kowanne bayansa kamar tebur, bakinsu cikin kwano.

"Dusa ce," ya ce ƙasa-ƙasa. "Wadda anka matse kahin ta tashi. Babu maye cikinta, na bincika. Babu abin da ka gina rago kamarta."

"A'a, Malam," in ji Mahaman, "ashe ragon layyarka ma ɗan gidanmu ne?"

"Ka ji tsoron Allah, Mahaman."

"Wa ka ba ka?" in ji Chindo.

"Saratu ka tara mani bayan katanga. Ban taɓa taka cikin gidan ba. In da ni na sami tulun nan, nan tsakar titi za ni fasa shi da rana tsaka, in kira mutane su gani. Ba ni sata."

Chindo ya leƙa baron, ya shinshina, ya ce ya yarda. Muka fito. Rana ta yi zafi, ƴata ta fara ƙorafin yunwa, wanda ake zargi ya koma ni kaɗai.

*

Washegari Chindo ya zauna da Mahaman a ɗakin kwalabe, ni ina bakin ƙofa ina ba yarinya koko. A wajen ƙofar gida Chindo ya ga sawun ƙaramar mota, ba irin ta masu ɗaukar kaya ba.

"Wani mai mashaya ne daga Ƙonni," in ji Mahaman. "Shina son a sayar mai da rabin Uwa, shi kafa nashi da injuna."

"Ka yarda?"

"Na ce sai na yi shawara. Iya ta ji, ta kwana biyu ba ta amsa gaisuwata."

"To ka ɗauka ka kai mai a ɓoye."

Mahaman ya yi dariyar da ba ta da daɗi. Ya ja shi zuwa layin tukwanen da aka dafa, ya buɗe ɗaya. Ruwan ya kwanta shiru, ba kumfa, ya fara tsami.

"Dubi. Dawar wata guda ce ka lalacewa nan. Masu mashaya na kira, na kashe waya. In sayarwa za ni yi, sai in ɗebi rabi in bar rabi, wa za shi sani? Baba, ni mai ciniki ne, ba mahaukaci ba."

Saratu kuwa a bakin murhu muka same ta, tana tura itace duk da babu abin dafawa sai ruwa. Mijinta ya rasu da daɗewa, ba ta haihu ba. Hannayenta duk tabon wuta ne har gwiwar hannu.

"Ke kin fi kowa shiga ɗakin," in ji Chindo.

"Na fi kowa gajiya da shi. In da ni na ɗauka, rijiya za ni jefa ta in samu in yi barci har rana ta fito, ko sau ɗaya."

"In ba a ba ta ruwan zaƙi ba, tana daɗewa?"

"Kwana kaɗan, da zahin nan. Sai ta mutu."

"In kin aje ludayi, wa za ta ɗauka?"

"Sana'ar mata ce, daga uwa sai ɗiya. Na Mahaman duk maza ne." Ta nuna bayana da haɓa, ba ta dube ni ba. "Sai waccan. Uwarta kuwa ta ce a'a. Ban ga laihinta ba."

Da la'asar na raka Chindo zaure, inda aka yi masa shimfiɗa. Na ce, "Baba, jibi kasuwa."

"Na sani."

"Ka ga wani abu?"

"Na gani tun jiya. So nike in ga ko akwai wata hanya da ba ta biya ta nan ba. Babu." Ya miƙe ƙafa yana cije baki. "Bin sawun ɓarawon shanu ya hi sauƙi, ɗiyata. In ka kama shi, ba ka san uwarshi ba."

*

Ana gobe kasuwa, bayan azahar, Chindo ya ce a tara kowa ƙarƙashin dogon yaro. Malam Tanimun ya ce ba zai shiga ba, aka sa masa kujera a bakin ƙofa, ƙafafunsa a waje. Chindo ya sa aka kawo randar da ta rage ta tsohon haɗi aka ajiye kusa da tabarmar Iya, da ludayi da ƙwarya.

"Ƙasa ta faɗi nata," ya ce. "Yanzu hannu nike son gani. Kowa shi ɗebo ludayi guda shi zuba nan. Ba sha za ni yi ba."

"Wal'iyazu billahi," in ji Malam daga ƙofa.

"Kai an ɗauke maka, Malam. Ragunanka sun yi maka shaida."

Mahaman ya ɗebo da sauri ya juye, yana cewa wannan wasan yara ne. Saratu ta ɗebo, ta hure kumfa, ta zuba. Chindo ya miƙo mini ludayin.

Tun da na shigo gidan ban taɓa kama shi ba. Na tuna babana a kan matakalar masallaci da asuba. Na ji numfashin ƴata a wuyana. Na karɓa, na tsoma, na zuba, rabi ya ɗiga a zanena. Malam ya kau da kai.

"Saura ke, Takama."

"Ni ma ɓarauniya ce?"

"Ke ce mai abu. A gani yadda ake yi."

Iya ta karɓi ludayin ba tare da ta dube shi ba. Ta tsoma, ta ɗago, sai hannun ya karkata hagu, ƴar kaɗan ta zuba a ƙasa, leɓɓanta suka motsa. Sannan ta juye sauran a ƙwarya.

Chindo ya sauke numfashi.

"Saratu, in kin ɗebi Uwa, kina zuba ma ƙasa?"

"Na bari tun da na fara salla."

"Mahaman?"

"Asara ce. Ban taɓa yi ba."

"Wagga yarinya ko ludayi ba ta iya riƙewa ba, kun gani." Ya juya sandarsa ya nuna ƙofar ɗakin tulun. "Dutsen can, nan tsohuwarku ka zuba rabon ƙasa duk sadda za a taɓa Uwa. Na gani da idona ina saurayi. Ran da na zo, gindinshi na da ɗanyar giya, kiyashi na sha. Ba ta mako ba ce, da ta bushe. Wanda ya ɗauki tulun ya tsaya bakin ƙofa, ya buɗe, ya ba ƙasa nata, ya rufe ya ɗaure, kana ya wuce. Maƙiyi ba shi yin haka. Ɓarawo ba shi da lokaci. Mutum ɗaya ya rage gidan nan da ba shi iya fita da ita bai nemi izini ba."

Kowa ya juya ya dubi Iya. Wani kamiyo ya wuce a titi, ƙasa ta girgiza, ya yi nisa.

"Iya?" in ji Mahaman. Muryarsa ta koma ta yaro.

Iya ta dubi jiƙaƙƙen wurin da ke gabanta. "Ko na san tarko ne, ba ni hana ƙasa rabonta."

"Iya, dawar wata guda! Kinka bari ta lalace kina kallo?"

"Dawa! Kai dawa ka sani." Ta ajiye ludayin a kife. "Uwata ta ɗauko tulun nan bisa kai. Ƙanena ya mutu kan hanya, ta tona da hannu ta rufe shi, ta tashi ta ɗauki tulu. Da shi ta raya ni, da shi na raya ku. Yau kai kana neman mai saye. Saratu ta gaji, ina gani. In na mutu, ku biyun ba ku kai ta baɗi. Ɗiya guda Allah ya ba gidan nan. In ta tashi ɗakina, hancinta shi saba, hannunta shi saba, ba sai an koya mata ba. Na roƙa da girma anka hana ni."

Na yi tsammanin zan yi kuka ko in yi faɗa. Ko ɗaya bai zo ba. Gajiya ce kawai ta sauko mini tun daga wuya har ƙafa.

"Iya," na ce, "ni ma ɗiya guda ya ba ni."

Ta dube ni, karon farko tun ranar da tulun ya ɓace.

"Da kin tahi, da ba ta rasa komi ba."

"Da ta rasa ni."

Malam ya yi salati a hankali daga bakin ƙofa. Mahaman ya zauna a ƙasa, a kan rigarsa mai guga, ya dafe kai.

"Takama," in ji Chindo, "Uwa na jin yunwa."

Iya ta dubi ƙofar ɗakinta. Sannan ta ce, "Saratu, ƙarƙashin gadona, bayan kwando. Ki ba ta mai ɗumi, ba mai zahi ba. Ban samu na ba ta ba, idanu sun yi yawa."

Saratu ta tashi. Da ta fito da tulun a rungume, ta zo daidai baƙin dutsen, ta ɗan tsaya, ta wuce.

*

Na raka Chindo tasha da safe. Da motar Dogarawa ta kusa cika, ya juyo gare ni.

"Kada ki ƙi tsohuwar," ya ce. "Kada kuma ki kwana kusa da ita."

Da maigidana ya dawo ya tarar da kayanmu a ɗaure. Ya fara cewa ai an gane gaskiya, a yi haƙuri, tsufa ne. Na ce na yi haƙuri, ga amalanke can yana jira. Na riga na sami ɗaki da ƴar rumfa a bayan tasha, wurin wata mai sayar da waina. Ya dubi kayan, ya dube ni, ya ɗauki katifa.

Uwa ta rayu. Mahaman ya zubar da waccan dahuwar, aka jiƙa sabuwar dawa, kwalabe suka koma Ƙonni. Mai motar nan bai sake zuwa ba. Saratu na nan bakin murhu. Ban san wadda za ta ɗauki ludayi bayanta ba, ban kuma tambaya ba.

Ranar Juma'a nakan kai yarinyar gaisuwa, don kakarta ce, babana ma ya ce in kai. Mukan tarar da Iya a tabarmarta, ta ƙara ƙanƙancewa. Mukan gaisa, ta tambayi ɗaki, in ce lafiya. Sai ta miƙo hannu biyu.

Nakan kwance goyon in ɗora mata a cinya. Ta shinshina kan yarinyar, ta yi mata waƙar da ban san kalmominta ba. Ni kuma in zauna gefen tabarma, hannuna a kan ƴar ƙafar, ba na saki sai mun tashi.